Lambun Gida a Ingila Zamanin Yaƙi

Kafin 1939, mafi yawan abincin mutanen Ingila daga ƙetare ake kawo shi cikin jiragen ruwa. Da yaƙi ya ɓarke, Jamusawa suka shiga nutsar da jiragen nan. Sai gwamnati ta yi shela, kowane gida ya noma abin miyarsa. Aka kafce bayan gida da filayen wasa. Zuwa 1943, 'yan lambunan da aka yanka wa jama'a sun kai wajen 1,400,000.

Can kuwa ba ruwan sama mai lambu yake jira ba, wucewar sanyi yake jira. Tun Fabrairu da Maris akan yafa irin tumatir da kabeji cikin 'yan akwatuna, a ajiye bakin taga cikin ɗaki. Dankali kuma a jera shi wurin haske har ya yi tsiro. Sai ƙarshen Mayu ake dasa tumatir a waje. Wanda ya yi garaje, sanyin dare ɗaya ya ƙone masa duka.

Albasa ce ta fi ba su wuya, gama da yawanta daga ƙetare take zuwa, har da Faransa, Faransa kuwa ta faɗi a 1940. Ta yi ƙaranci har ta zama abin ba da kyauta ga wanda ƙuri'a ta faɗa masa.