Marmara da Fadama a Tarihin Kabi

Wanda ya saba da manyan duwatsu irin na Kwatarkwashi ko Kufena, in ya bi hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi, sai ya ce ƙasar ba ta da dutse. Abin da zai gani 'yan tsaunuka ne masu shimfiɗaɗɗen kai, kamar an daidaita su da wuƙa, sa'an nan ga fadamar Rima ta miƙe iyakar ganin ido. Amma fa waɗannan tsaunuka sun fi waɗancan duwatsu labari.

Masana sun tabbatar teku ya taɓa malale ƙasar Sakkwato har sau biyu, watau wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, da kuma wajen miliyan 60. Shaida tana nan cikin ƙasa. A 1930 W. E. Swinton ya bayyana ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka tono a lardin, a 1972 kuwa masanan Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus, don tunawa da Goronyo da ke gefen Rima ta sama. Farin dutsen Kalambaina, wanda a ke yin siminti da shi a Sakkwato, shi ma ɓawon halittun tekun nan ne ya taru ya daskare.

Da teku ya janye, sai koguna da tafkuna suka jibge rairayi da yumɓu bisa abin da ya bari. Wannan shimfiɗa ita masana ke kira da sunan Gwandu, bisanta kuwa Argungu da Birnin Kebbi ke zaune. Shekara da shekaru damina tana narkar da ƙarfen da ke cikin ƙasa, rani yana busar da shi, har samanta ya zama jan ɓawo mai tauri. Inda ɓawon ya tsira, tsauni ya tsaya. Inda ya fashe, ruwa ya kwashe na ƙarƙashi. Bahaushe bai jira masana ba wajen rarrabewa: ya san fa, ya san tsauni, ya san tsakuwa, wannan jan ɓawo kuwa ya ce da shi marmara.

Da wannan jan dutse aka gina Surame. Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, ya kafa birninsa a tudu. Galibin biranen Hausa da ƙasa a ke yi musu ganuwa, ko wace damina sai an yi yaɓe, in an bari ta zube. Ganuwar Surame kuwa dutse ne aka jera da laka, shi ya sa har wa yau sassanta ke tsaye, ko da ya ke an tashi daga birnin tun farkon ƙarni na 18. An ce Kanta ya sa Azbinawa ɗauko ruwan gini daga ƙasarsu, Nufawa kuwa da suka makara ya sa su kwaɓa laka da man kaɗanya. Labarin ya fi kama da kirari, amma ya riƙe gaskiya guda: a tudun marmara dutse araha ne, ruwa shi ne da tsada. A 1964 aka sa kufan cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta tsare.

Kada a ɗauka tudu shi kaɗai ke tsare gari. Birnin Kebbi tana bisa gaɓa mai tsawo, tana leƙen fadama, duk da haka ta faɗi hannun masu jihadi a 1805. Abin da ya fi taimakon Kabawa fadamar ce kanta. Kwarin ya fi ƙarfin gulbin da ke binsa yanzu, don ruwan wani zamani mai yawan damina ne ya haƙa shi. In ya cika, doki ba ya da ta cewa, sai mai jirgi da gora. Tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 har zuwan Turawa, Gwandu da Sakkwato ba su iya cin Argungu ba.

Ruwan da tudun Surame ya rasa kuwa yana nan ƙarƙashi, cikin rairayin Gwandu da yumɓu ya danne. Sa'ad da aka haƙa rijiyoyin burtsatse a kwarin Rima cikin shekarun 1960, a waɗansu wurare sai ruwan ya ɓulɓulo da kansa ba tare da famfo ba.