Ƙara wa firosesa gudu: abin lura kafin a saya a Wagadugu

Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana aiki ne da bugun agogon da ke cikinta. Idan an ce gudunta gigahaz 5 ne, ana nufin agogon na bugawa sau biliyan biyar a daƙiƙa ɗaya. Ana samun wannan adadi ne ta hanyar ninka bugun tushe, wanda yawanci megahaz 100 ne, da wata lamba: 100 sau 50 ya ba da gigahaz 5. Ɗaga lambar nan sama da inda kamfani ya tsayar da ita shi ne abin da Turawan Ingila ke kira overclocking, Faransawa kuma su ce surcadençage. Matasa a Zango masu haɗa bidiyon biki da na waƙa, da masu wasannin kwamfuta, sun saba jin kalmar.

Ba kowace firosesa ce ke yarda ba. A wajen Intel, yawanci sai wadda sunanta ke ɗauke da harafin K, kamar Core i5-2500K ta 2011 ko Core i9-14900K ta 2023, kuma dole allon uwa, wanda masu gyara ke kira carte mère, ya kasance na jerin Z, kamar Z690 ko Z790. A wajen AMD, tun fitowar Ryzen a 2017 yawancinsu a buɗe suke, sai dai allon jerin A ba ya bari. Na B ko X ake nema. Akwai togiya: Ryzen 7 5800X3D ta 2022 a kulle take. Haka kuma kowace firosesa da mazauninta. LGA1700 na Intel ne, AM4 da AM5 na AMD, kuma AM5 ba ya karɓar ƙwaƙwalwar ajiya sai DDR5. Wanda ya sayi firosesa bai duba wannan ba, ya sayi doki babu sirdi.

Babbar matsalar ita ce zafi. Ƙarin gudu yana buƙatar ƙarin ƙarfin wuta, wato bolt, kuma zafin da ke fita yana hawa ne da ninkin bolt ɗin a kansa. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari na bolt yana kawo ƙarin zafi kusan kashi 21, kafin ma a lissafa na gudun. Core i9-13900K, ko ba a taɓa ta ba, tana iya jan wat 253, kuma idan ta kai digiri 100 takan rage gudu da kanta don kada ta lalace. To, alƙaluman da ake gani a bidiyoyin masu gwaji galibi an ɗauke su ne a ɗakuna masu sanyi. A Wagadugu a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Fanka ba ta iya sanyaya firosesa ƙasa da zafin iskar ɗakin, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙara, firosesa ma ta ƙara shi. Wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki zai iya ɗaga lambar, amma injin zai sauke ta da kansa bayan 'yan mintoci.

Sai wutar lantarki. Ƙarin wat 100 na awa takwas kullum ya kai kilowat-awa 24 a wata a mitar SONABEL. Ana kuma buƙatar akwatin wuta mai inganci da na'urar riƙe wuta, onduleur, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar sabunta BIOS na iya kashe allon uwa.

Masu sayen kayan "France au revoir" su lura da wani abu. A 2024 Intel ta amince cewa wasu firosesocinta na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa sannu a hankali saboda yawan bolt. Ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ta kuma ƙara shekara biyu a garanti, amma gyaran ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace. Ido ba ya gane irin wannan. A sa mai sayarwa ya ɗora ta, a tabbatar da sunanta da CPU-Z, a matsa mata da Cinebench ko Prime95 na rabin awa ana kallon zafi a HWiNFO.

Wanda ya dage sai ya gwada, ya ɗaga lambar ɗaya bayan ɗaya, a BIOS ko da Intel XTU ko Ryzen Master, yana gwaji bayan kowane mataki, ya kuma san garanti ba ya biyan ɓarnar da hakan ta jawo. A ganina ribar ta ragu ƙwarai. A zamanin 2500K ana iya tashi daga gigahaz 3.3 zuwa 4.5, firosesocin yau suna kai kansu kusa da iyakarsu. A yanayi irin namu, rage bolt kaɗan ya fi amfani: injin ya huce, ya daɗe a kan babban gudunsa, kuɗin da ya rage kuma a sa shi a fanka mai kyau da sabon man shafa tsakaninta da firosesa.