Raunin Garkuwar Jiki na Gado da Haɗarin Sankarar Tumbi da Hanji

Raunin garkuwar jiki na gado rukuni ne na cututtuka da ake haihuwar mutum da su, inda wani sashe na tsarin kariyar jiki yake zuwa da naƙasu tun daga ƙwayoyin halitta. Ba ƙanjamau ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma gwajin HIV ba ya nuna shi. Wani likitan sojan Amurka, Ogden Bruton, ya bayyana ɗaya daga cikinsu a 1952, a jikin wani yaro ɗan shekara takwas da jininsa ba ya ɗauke da sinadaran kariya da ake kira imunogulobulin. A yau masana sun ƙidaya fiye da iri 400.

Irin da Bruton ya gano yara maza yake kamawa, kuma ta tsatson uwa yake gangarowa, shi ya sa likita kan tambayi ko akwai kawun yaro da ya rasu yana ƙarami. Wasu ire-iren da yawa sai uwa da uba duka sun ba da ƙwayar gadon, don haka auren zumunci na ƙara yiwuwarsu. Wanda ya fi shafar batun sankara kuwa shi ne wanda likitoci ke kira CVID. Sau da yawa ba a gane shi sai mutum ya kai shekara ashirin zuwa arba'in, bayan ya daɗe yana fama da ciwon huhu mai dawowa, da kunne mai zubar da mugunya, da gudawar da ba ta jin magani.

Dalilin da ya sa ciki ke cikin haɗari shi ne, babban kaso na ƙwayoyin kariyar jiki a bangon hanji suke zaune, suna tsare ƙofar da abinci da ruwa ke shiga. Idan wannan tsaro ya yi rauni, ƙwayoyin cuta irin su Giardia da Helicobacter pylori sai su samu wurin zama. Kumburi ya daɗe, bangon tumbi ya sirance, ruwan narkar da abinci ya ragu, jiki ya kasa tsotsar bitamin B12, jini ya yi ƙasa. A irin wannan bango da ya shekara yana lalacewa yana gyaruwa ne ƙwayoyin jiki kan sauya hali su zama sankara. Akwai kuma sankarar ƙaluluwa, wadda kan iya tsira a tumbi ko a hanji.

Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 1985 ya ce masu CVID sun ninka sauran jama'a sau 47 wajen kamuwa da sankarar tumbi. Binciken da aka yi daga baya a Denmark da Sweden ya samu adadi ƙasa da haka, kusan ninki goma. A 2018 likitocin Italiya sun ruwaito cewa sankarar tumbi ce kan gaba wajen kashe manyan majinyatansu masu wannan ciwo. Alƙaluman sun bambanta, amma duka gefe guda suke nunawa.

A arewacin Nijeriya, H. pylori ta zama ruwan dare, kuma galibi tun yarinta ake ɗaukarta. Hukumar Binciken Sankara ta Duniya ta sanya ta cikin tabbatattun masu haddasa sankara a 1994. Shekara biyu kafin nan, likitan fiɗa Chris Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya ja hankali kan wani abin mamaki: ƙwayar ta yi yawa a Afirka, amma sankarar tumbi ba ta yi yawan da ake tsammani ba. Har yau ana muhawara a kai. Mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar ba za su taɓa yin sankara ba; mai raunin garkuwa ne bai kamata ya jingina da wannan sassauci ba.

A nan ne wani tarko yake, wanda ya kamata mutanen Samaru da Basawa da Sabon Gari su sani. Gwajin jini na H. pylori mai sauƙin kuɗi da ake yi a ƙananan ɗakunan gwaji ba ƙwayar kanta yake nema ba, sinadaran kariyar da jiki ya ƙera a kanta yake nema. Mai CVID kuwa ba ya iya ƙera su yadda ya kamata. Sai takarda ta fito ta ce babu komai, alhali ƙwayar na nan. Mutum ya koma kemis ya ci gaba da sayen omeprazole, ya ce ai olsa ce, radaɗin ya lafa, shekaru su wuce. Abin da ya dace da irin wannan majinyaci shi ne gwajin bayan gida, ko na numfashi, ko leƙa tumbi da na'ura mai kyamara a tsinko ɗan nama a duba. Ana buƙatar dakatar da omeprazole mako biyu kafin gwajin bayan gida ko na numfashi, in ba haka ba shi ma zai iya ruɗar mutum.

Tabbatar da raunin garkuwar kansa yana farawa da auna yawan imunogulobulin a jini. Maganinsa ƙarin ruwan imunogulobulin ne ta jijiya duk mako uku zuwa huɗu har tsawon rai, kuma yana da tsada ƙwarai. Yana rage ciwon huhu sosai, amma bai cika kawar da matsalolin ciki ba, don haka bibiyar tumbi aiki ne daban. H. pylori kuwa ana kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14, sannan a sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu.

Duk wanda ke da dogon tarihin cututtuka masu dawowa, sannan ya ga rama babu dalili, ko saurin ƙoshi, ko baƙin bayan gida, ko amai mai naci, ko wahalar haɗiya, ya nemi a tura shi sashen cututtukan ciki na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake leƙa tumbi kuma akwai cibiyar kula da masu sankara. Ya tafi da tsofaffin katunan asibitinsa, da bayanin 'yan'uwan da suka yi irin wannan jinya.