Besbol: yadda alƙali ke yanke hukunci idan ƙwallo ta bugi mai sanda

A wasan besbol, wanda ya fi farin jini a Amurka, Japan da Kuba, mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai sanda kuma yana ƙoƙarin bugunta. Idan ya kai bugu ya saɓa, ko ya bar ƙwallo mai kyau ta wuce, an ƙirga masa sitraik. Na uku yana fitar da shi.

A dokokin babbar gasar Amurka, idan ƙwallon da aka jefo ta taɓa jikin mai sanda, wasa yana tsayawa nan take, a ba shi tashar farko kyauta. Amma wannan kyauta tana da sharuɗɗa. Idan ya kai wa ƙwallon bugu, ko ta same shi a cikin yankin sitraik, wato sama da farantin gida daga gwiwa zuwa wajen ƙirji, sitraik ne ko da ya ji ciwo. Idan kuma ta same shi a wajen yankin amma bai yi yunƙurin kaucewa ba, sai a ƙirga jifan a matsayin marar kyau, shi kuma ya tsaya inda yake.

Gardama ta fi yawa a kan bant, inda mai sanda ke miƙa sandar a kwance don ya tare ƙwallon ta gangara kusa, maimakon ya maka ta. Miƙa sandar kaɗai ba bugu ba ne. Abin da alƙali ke dubawa shi ne ko ya kai sandar ga ƙwallon ko ya janye ta. Idan ya kai, ƙwallon ta daki yatsunsa, sitraik ne. Idan ya janye, ya samu tasha. Maganar da ƴan kallo ke yawan yi cewa hannu wani ɓangare ne na sanda ba ta cikin doka. Akwai kuma tarko: mai sitraik biyu da ya yi bant ƙwallon ta fita gefen layi ya fita ke nan, alhali da bugu ne na sosai zai ci gaba.

Sharaɗin kaucewa ba kasafai alƙalai ke aiki da shi ba, shi ya sa ba a manta da ranar 31 ga Mayun 1968 ba. Don Drysdale na ƙungiyar Dodgers yana jera wasanni ba a ci shi ko maki ɗaya ba, sai jifansa ya sami Dick Dietz na Giants a zagaye na tara, tashoshi uku duk da mutane. Da an ba Dietz tasha, da maki ya shiga. Alƙali Harry Wendelstedt ya ce Dietz bai kauce ba, ya mayar da shi wurin bugu, Drysdale ya fitar da shi, aka tashi wasan Giants ba su ci komai ba.