Gaisuwar ruwa da iska a ƙasar Tasawa da Mayahi

A ƙasar Tasawa da Mayahi gaisuwa tana bin lokaci. Da hunturu, sa'ad da iskar arewa maso gabas ta kwaso hazo daga Sahara, akan ce “Ina sanyi?” a amsa “Lokacinsa ne.” Da damina kuwa sai a ce “Yaya ruwa?” a amsa “Ruwa ya yi gyara.” Baƙo yakan ɗauki wannan a matsayin ladabi kawai. Amma a yankin da ruwan shekara yake kimanin milimita 400 zuwa 500, kuma kusan dukansa yake sauka tsakanin Yuni da Satumba, wannan hira ita ce hanyar da labari yake yawo tun kafin zuwan rediyo. A kasuwa da bakin rijiya ne manomi yake jin inda aka yi shuka, da inda fari ya kama, da inda zai nufa cin rani.

A cikin wannan hira ne kuma jama'a suka adana tarihinsu, domin dattawa sukan lissafa zamani da sunayen shekarun wuya. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta game ƙasar Hausa, ana kiranta Kakalaba. Shekarun 1950 kuwa na ruwa ne. Noman gyaɗa ya bunƙasa, gonaki suka yi ta matsawa arewa cikin makiyaya, har a 1961 gwamnatin Nijar ta kafa dokar iyakar noma ta arewa. Daga 1968 ruwa ya ja baya, farin ya tsananta a 1973, kuma yunwar tana cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Yunwar 1984 an laƙaba mata suna El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da Janar Muhammadu Buhari ya yi, aka toshe hanyar hatsi da ta ƴan cin rani. A 2005 ma, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, jihar Maraɗi na cikin wuraren da tamowa ta fi addabar yara.

Ita ma iska tana da nata tarihin. Da aka sare itatuwa don faɗaɗa gonaki, iskar da ke gaban hadari ta samu fili. Takan kwashi yashin jigawa ta binne gero yana ɗan tsiro, ko ta yanke shi, har mutum ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Kukan da manoma suka daɗe suna yi a majalisa ya samu magani bayan 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya da ke Maraɗi, ya jawo hankali ga kututturan da ke toho a gonaki. Maimakon a sassabe su ƙaf, sai a bar ƴan rassa masu ƙarfi su girma. Manoma suka raɗa wa dabarar suna sassabin zamani, ta bazu daga baki zuwa baki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo, wanda yake kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana, ya koma gonaki tare da sabara da kalgo, suna tare iska kamar yadda goriba take yi a kwarin Gulbin Kaba.

Dattawan da suka ga 1973 da idonsu suna ƙarewa. Ya kamata malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su tura ɗalibai wurinsu, su rubuto sunayen shekaru da na iskoki da alamun damina kamar yadda kowane ƙauye yake faɗinsu, domin sunan da ake kira a Mayahi yakan sha bamban da na Tasawa.