Damagaram, Birnin Da Ya Riƙe Mulki Sau Biyu: Wuraren Da Baƙo Ke Ziyarta

A bakin mutanen Droum da na ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan mutum ya ce zai shiga birni, babu mai tambayarsa wane birni. Damagaram yake nufi, wadda ake rubutawa Zinder a takardun gwamnati. Yamai ce babban birnin Nijar tun shekara ta 1926, amma tana can yamma, tazarar kilomita wajen 900, alhali kuwa Damagaram na nan kusa, inda kakanni suka riƙa kai gaisuwa da hatsi, suna komowa da gishiri da labari. Sau biyu wannan birni ya zama cibiyar mulki: da farko a hannun sarakunansa, daga baya a hannun Turawan Faransa. Wuraren da baƙi suka fi son ziyarta a cikinsa kusan duk gadon waɗannan zamunna biyu ne.

Duk wanda ya san abin da ya kamata, da fada yake farawa. Gidan sarautar Damagaram ya samo asali ne daga Malam, wanda ya fito daga ƙasar Barno a farkon ƙarni na 18. Zuriyarsa ta zauna a garuruwa dabam-dabam kafin Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya kafa gadon mulki a Zinder wajen shekara ta 1812. Fadar da ake gani yanzu kuwa ana danganta gininta da tsakiyar ƙarni na 19, zamanin da Sarki Tanimun ɗan Sulaiman ya mai da ƙaramar masarauta mai biyan Barno haraji ta zama ƙasar da maƙwabta ke shakka. Tanimun ya hau gado a 1841, aka fitar da shi bayan shekara biyu, ya komo a 1851, ya zauna har rasuwarsa a 1884.

Wanda ya tsaya a ƙofar fada da hantsi zai ga dogarai cikin riguna masu ja da kore, da fadawa na shiga suna fita, da masu ƙara suna jiran a yi musu iso. Gida ne da ke raye, Mai Martaba yana zaune a cikinsa, don haka ba a shiga sai da izini da ɗan jagora. Zaure yana bin zaure, kowane da duhunsa da sanyinsa, an ɗora rufin a kan azara da bakan gizo, katangun kuwa da kauri ainun, ta yadda zafin bazara ba ya ratsa su. Mai kunnen tarihi ya saurari sunayen sarautun da ake kira a wurin: Ciroma, Galadima, Kaigama. Daga Barno suka zo, amma da Hausa ake yi musu kirari. A nan ake gane yadda masarautar take, tushenta na Barebari, harshenta da kasuwarta na Hausawa, raƙumanta na Azbinawa. Ranar Sallah filin ƙofar fada yakan cika da dawakai da kakaki da algaita, hakimai da sarakunan garuruwa suna zuwa jahi, kuma a lokutan biki mahauta kan yi hawan ƙaho, wasan da Damagaram ta yi suna da shi. Masallacin da ke kusa da fada shi ma wurin tsayawa ne, ko da na raka'a biyu.

Daga fada sai neman ganuwa, kuma nema ne na gaske, domin abin da ya rage nata kaɗan ne. A shekarun 1850 Tanimun ya kewaye Birni da ita, ya sa maƙera suna zuba igwa a cikin garin, ana haɗa albarushi, yana sayen bindigogi daga fataken Tarabulus. Ba hannun mazauna Birni kaɗai ya ɗaga wannan garu ba. Talakawan karkara da bayi ne suka kwaɓa ƙasa, suka yi tubali, suka ɗauko ruwa, kuma geron ƙauyuka ne ya ciyar da mayaƙa. Saboda haka mutumin karkara da ya tsaya gaban guntun ganuwar yana da haƙƙin ya kalle ta a matsayin gadon gidansu. Wajibi ne kuma a faɗi ɗayan ɓangaren: dukiyar wancan zamani ta haɗa da cinikin bayi. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka a garin a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta abin da ya gani na hare-haren kamun mutane da tsananin hukunci. Bayansa Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso a ƙarshen Disamba 1852, ya yi wata guda yana jiran guzuri kafin ya nufi Katsina da Sakkwato da Tumbuktu. Shi ya ɗauki garin a matsayin mashigar ƙasar Sudan ga wanda ya fito daga Sahara.

Lungunan Birni su ne abin da ya fi daɗe wa baƙo a rai. Hanyoyi ne ƙanana masu lanƙwasa, suna bi ta tsakanin manyan duwatsun da Allah ya jibge a garin, wasu gidajen ma a jikin dutse aka jingina su. Fuskar gida ita ce alfaharin mai shi. Magini zai yaɓe ta, ya fitar da zane tun ƙasa na da danshi, dagi da da'ira da siffar takobi, a shafa makuba ko launi, a tsayar da zankwaye a kan soro kamar kunnuwan zomo. Ta zanen ƙofa ake sanin gidan attajiri da na malami da na bafada. A shekara ta 2006 gwamnatin Nijar ta shigar da tsohon birnin, wato unguwar Birni da fadar sarki, cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Sai dai ginin ƙasa ba ya jiran takarda. Yana son yaɓe bayan kowace damina, kuma idan magada suka watse ko suka gaza, shekaru kaɗan sun isa soro ya zube. Da yawa sun maye gurbinsa da bulo da kwano. Ba a ga laifin mai neman rufin da ba ya yoyo ba, amma kowane zane da ya faɗi ya tafi da aikin maginin da ba a rubuta sunansa ko'ina ba.

Arewa da Birni akwai Zango, masaukin ayari. A nan Azbinawa ke durƙusar da raƙuma da gishirin Bilma da dabino, a nan fataken Gat da Gadamas da Tarabulus ke kwance kaya, su sayi fatu da gashin jimina da hauren giwa. Babu ganuwa a Zango, kuma hakan ya dace da halinta, unguwa ce ta mai zuwa da mai tafiya. Attajirin da ya fi shahara a cikinta a ƙarshen ƙarni na 19 shi ne Malam Yaro, wanda harkarsa ta kai har bakin Bahar Rum. Gidajen 'yan kasuwar Zango na cikin mafi ƙayatarwa a garin, kuma har yanzu ana samun dukawa a can da cikin Birni suna ɗinka jaka da takalmi da matashi da jar fatar akuya, sana'ar da baƙo kan saya don tsaraba.

Tsakanin Birni da Zango, a kan duwatsu, barikin da Faransawa suka gina yake, kuma daga nan zamani na biyu ya fara. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram, zamanin Sarki Ahmadu Kuren Daga, jarumin da ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano a mulkin Sarki Alu. Sarki ya yi zargin baƙon na kan hanyarsa ta ƙulla ƙawance da Rabe, wanda ya ci Barno a 1893. Bayan shekara guda, a ƙarshen Yuli 1899, ragowar rundunar Voulet da Chanoine ta gwabza da mayaƙan Damagaram a Tirmini, ta shiga birnin. Sarki Ahmadu ya fita, aka cim masa a Rumji a watan Satumba aka kashe shi, Allah ya jiƙansa. A Nuwamba na wannan shekara ayarin Foureau da Lamy ya iso daga Aljeriya ta Sahara. Barikin aka sa masa sunan Cazemajou, bayan samun 'yancin kai aka mai da shi sunan Tanimun. Wurin soja ne, daga nesa ake kallonsa. Maƙabartar Nasara kuwa na nan da kaburburan hafsoshi da ma'aikatan da zazzaɓi ko yaƙi ya kashe nesa da gida.

Abin da ya biyo baya ya shafi kowace sarauta a ƙasar. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Ahmadu ɗan Bassa da shirya tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodebuwa, Malam Yaro ma bai tsira daga wannan zargi ba. Aka danƙa riƙon gari ga Ballama, wanda bafada ne, ba ɗan sarki ba, aka karkasa ƙasar, sarakunan garuruwa suka koma amsa umarnin kumandan. Sai a 1923 aka mayar da sarautar ga gidanta, aka naɗa Barma Mustafa, wanda ya yi mulki har 1950, Umaru Sanda ya gaje shi.

A cikin wannan tsakani ne birnin ya zama hedkwatar Nijar baki ɗaya. An ɗauko ta daga Yamai a 1911, kuma a nan take lokacin da aka mai da yankin soja ya zama cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922. Shekara 15 kawai abin ya yi. A ƙarshen 1926, zamanin Gwamna Jules Brévié, aka mayar da ita Yamai. Dalilin da aka fi ambata shi ne ƙarancin ruwa, kuma gaskiya ne, garin a kan dutse yake zaune, Yamai kuwa na bakin kogin Kwara. Amma akwai wani dalili da masana tarihi ba su raina ba: Kano na kilomita wajen 240 kacal, a hannun Ingilishi, kuma zumuncin jini da na kasuwa da ke tsakanin Hausawan ɓangarorin biyu bai kwanta wa Faransawa a rai ba. Tsofaffin gine-ginen ofisoshi na wancan zamani suna nan a unguwar da ta tashi tsakanin Birni da Zango. Ƙishirwar kuwa ta daɗe tana bin garin, sai da aka riƙa jawo ruwa daga Gogo da Macaya a kudu, daga baya kuma daga Arunguza a arewa.

Sabbin wurare ma suna da masu zuwa kallo. Akwai gidan adana kayan tarihi na jaha, da jami'ar da ke ɗauke da sunan André Salifou, masanin da ya wallafa littafi a kan Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971, da titunan da aka gyara don bikin Zinder Sabuwa na Disamba 2018. Amma ga mutumin Droum, ziyara ba ta cika sai an biya ta kasuwar Dole, musamman ran Alhamis. A nan gero da wake da gyaɗar kudu ke haɗuwa da gishiri da kanwar arewa, kamar yadda suke haɗuwa tun zamanin ayari, sai dai mota da babur sun karɓi aikin raƙumi da jaki. Kafin la'asar masu komawa gida sun hallara a tasha, da ƙullin alkaki da kilishi na yara, da goron gaisuwa na dattawa.