Riƙon Amanar Ƙaramin Yaro Na Kwana Biyu

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, uwa kan bar ƙaramin ɗanta wurin aminan gida idan biki ko rasuwa ta kai ta wani gari. Mai riƙo ya karɓi karnen lafiyar yaron tun kafin ta tafi. A kwantar da yaron cikin gidan sauro, a hana shi kusantar tabki da rijiyoyin garka. Idan jikinsa ya yi zafi, kada a jira dawowar uwa, a kai shi likita, domin zazzaɓin cizon sauro kan tsananta cikin yini guda. A 2006 Nijar ta yafe kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a cibiyoyin gwamnati, ko da yake magani kan yanke.